Kunne Kafin Aljihu: Saita Motar Tsere Mai Shan Nitro a Iskar Fatakwal, Anaca da Inugu

Akwai wata 'yar mota da tsawonta bai wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba, nauyinta kilo huɗu zuwa shida, tayoyinta manya-manya kamar an aro su daga wata motar. Ba mai shiga cikinta, daga nesa ake tuƙa ta da rimot. Amma injinta na gaske ne, da fistin da kafireta da salansa, yana shan mai yana fitar da hayaƙi, kuma in aka ja masa totur har ƙarshe motar kan zarce kilomita 70 a awa, tana ƙara kamar an tsokano gidan rina. Siffarta daga Amurka ta samo asali. A tsakiyar shekarun 1970 wani mutum mai suna Bob Chandler, a yankin St. Louis na jihar Missouri, ya yi ta ƙara wa akori-kurarsa ƙirar Ford F-250 tsayi da girman taya har ta zama dodon motar da ya raɗa wa suna Bigfoot, wadda daga baya ta shahara wajen hawa kan tsofaffin motoci tana murƙushe su. Masu ƙera motocin rimot suka kwaikwayi wannan siffa. Kamfanin Traxxas na jihar Texas ya fito da T-Maxx a 1999, HPI ya biyo baya da Savage a 2002, Traxxas ya sake fitowa da Revo a 2004. Daga nan kasuwar kayan ƙari ta buɗe: injin da ya fi girma, salansa mai walƙiya, ƙafafun alminiyam masu launi, kowanne da alƙawarin cewa wanda ya saya shi zai riga kowa isa.

Da wannan alƙawari nake jayayya, kuma na zaɓi in kafa hujjata a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu, irin waɗanda a ƙasar Ibo ake kira Ama Awusa. Iskar waɗannan garuruwa, da zafinta da laimarta da ƙurarta, tana saurin tona asirin injin da ba a saita ba, fiye da iskar ƙasashen da aka rubuta littafin motar domin su. Sannan hannun da zai iya saitin yana nan zaune a bakin titi, yana gyaran janareta da Keke Napep da injin markaɗe, ko da bai taɓa ɗora ido a kan motar rimot ba. Maganata ita ce, gudun irin wannan mota daga kunnen mai ita yake farawa kafin ya iso aljihunsa, kuma wanda ya fara da aljihu zai ƙona injin, ya ƙona kuɗi, ya koma yana zagin kamfani.

Sai an leƙa cikin injin kafin maganar ta zauna. Na T-Maxx na baya-bayan nan cc 3.3 ne, na Savage X kuwa 4.6, wato cikin silindarsa bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ƙaramin janaretan nan Tiger da ke kowane lungu cc 63 ne, yana juyawa sau 3,000 a minti, wannan ɗan mitsitsin kuwa yana haura sau 30,000. Ba ya shan fetur. Mansa haɗin abu uku ne: metanol, wanda ya fi yawa, nitrometen, wanda a motoci yakan kama daga kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, galibi 20, sai man shafawa, ko na zurma ko na masana'anta ko gaurayensu. Filoginsa ma ba ya tartsatsi. Wata 'yar naɗaɗɗiyar waya ce mai filatinam a cikinsa, ana ɗora mata batir ta yi jazur, injin ya tashi, a cire batirin, ita kuma ta ci gaba da ja saboda zafin ƙonuwa da kuma yadda filatinam ke hura wutar tururin metanol. Ba'amurke Ray Arden ne ya shigo da irin wannan filogi kasuwa a ƙarshen shekarun 1940, domin ƙananan jiragen sama na wasa. Amfanin nitrometen shi ne yana tafe da oksijin a jikinsa. Fetur na buƙatar iska ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone sarai, metanol kimanin 6.4, nitrometen 1.7 kacal. Don haka a ɗan cikin cokalin nan ana iya ƙona mai mai yawa a kowane bugu, kuma daga nan ne ƙarfin da ke ba mutane mamaki yake fitowa.

Ga inda gizo ke saƙa. Injin nan ba shi da tankin baƙin mai, ba shi da lagireto. Man da yake sha shi ne abincinsa, shi ne man shafawarsa, shi ne kuma yake ɗauke masa wani kaso na zafi. Kafiretarsa na da allurai biyu da sukuru ɗaya: allurar sama tana auna man da ke shiga in an buɗe totur, allurar ƙasa tana kula da silo da farkon tashi, sukurun kuma yana tsayar da 'yar tazarar da ake bari iska ta shiga a silo, kimanin milimita ɗaya. In ka ɗaure allura mai ya ragu, injin ya ƙara kaifi da gudu. Wannan kaifin shi ke yaudarar sabon shiga, domin duk ɗigon man da ya rage, ya rage man shafawa tare da shi. Injin da ya fi kowane daɗin ƙara a fili sau da yawa shi ne wanda ya kusa mutuwa. Wanda ya iya kuwa, za ka gan shi tsugune a gefen fili, sukudireba a hannu, bai taɓa allura ba tukuna sai motar ta yi zagaye ta ɗauki zafi. Sai ya kasa kunne. In ƙarar ta yi nauyi tana gurnani, hayaƙi ya yi kauri, mai yana tsartuwa daga salansa, ya san mai ya yi yawa, sai ya ɗaure allurar sama da ɗan kaɗan, kamar tafiyar awa ɗaya a fuskar agogo, ya sake sakin motar. In ƙarar ta yi siriri, hayaƙi ya ɓace, motar ta shaƙe a tsakiyar gudu, maza ya tsayar da ita ya kwance allura. Allurar ƙasa kuma ya gwada ta da yatsu: ya matse tiyon mai tana silo, in ta yi daƙiƙa uku zuwa huɗu, ƙararta ta ɗan hau, sannan ta mutu, to saiti ya yi. In ta mutu nan take mai ya yi kaɗan, in ta daɗe tana jan rai ya yi yawa. Zafin kan injin yakan zauna tsakanin digiri 100 da 130 a ma'aunin Salsiyas, kuma littafin Traxxas ya ja kunne kada a wuce kusan nan. Wanda ba shi da ma'aunin zafi yakan ɗiga ruwa a kan injin, ya ga ko zai yi 'yan daƙiƙu yana tafasa ko kuwa zai ɓace kamar ƙiftawar ido. Duk wannan aikin bai ci ko kwabo ba.

Yanzu a kawo wannan injin Diobu ko Oyigbo cikin watan Yuli. Fatakwal tana dab da teku, ruwan da ke sauka mata a shekara ya haura milimita 2,000 nesa ba kusa ba, iskarta a jiƙe take sharkaf. Iska mai zafi da laima ba ta da oksijin kamar busasshiya mai sanyi, domin zafi na sa ta saki, tururin ruwa kuma ya mamaye wani gurbi a cikinta. Allurar da ta yi daidai a wata ƙasa mai sanyi, a nan za ta ba da mai fiye da yadda iskar za ta iya ƙonawa, motar ta yi ta jan ƙafa. Dole a ɗan ɗaure. Amma ɗaurewa na ƙara zafi, ga shi rana ta riga ta ɗumama komai, don haka ratar da ke tsakanin injin da ke jan ƙafa da injin da ya ƙone ta fi ƙunci a nan. Sai kuma hunturu ya sauko a Disamba da Janairu. Da sassafe a Inugu, can gindin tsaunukan Udi, iska ta bushe ta yi sanyi, oksijin ya ƙaru. Saitin da aka bari tun damina yanzu ya koma na ƙarancin mai ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kuma mai motar zai yi murna ya ce yau ta tashi da ƙarfi, alhali fistin ne ke gogar silinda a bushe. Ko a yini guda ma, saitin hantsi daban, na la'asar daban. Wanda ya ɗauki motar daga Anaca ya hau da ita Jos, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200, sai ya sake lale gaba ɗaya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma babu wani kayan ƙari da ake sayarwa da zai yi wa mutum wannan sauraron.

Abokan gaba na biyu su ne ƙura da ruwa. A 2016 alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa Anaca a kan gaba cikin biranen duniya wajen yawan ƙurar da ke yawo a iska. A ƙarshen wannan shekarar ne kuma mutanen Fatakwal suka fara wayar gari suna ganin baƙar kunkunniya a kan motoci da tagogi da tafin ƙafar yara, abin da aka danganta da tace ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya da kuma ƙona irin waɗannan matatun. Inugu kuwa jar ƙasa gare ta, wadda da rani take zama gari, da damina ta zama santsi. Injin da ke zuƙar iska sau 30,000 a minti, hancinsa taƙi ɗaya daga ƙasa, in ƙwayar yashi ta shige shi, aikin fistin da silinda ya ƙare cikin tanki guda. Abin da ke tsakaninsa da wannan halaka ɗan soso ne da ake wankewa, a shanya, a shafe shi da mai mai danƙo, a ɗaure bakinsa tam. Shi ne mafi arha a jikin motar, shi ne kuma aka fi yi wa sakaci. Ruwa kuma ta wata hanyar yake shigowa. Metanol na janyo laima daga iska, galan ɗin da aka bari a buɗe a Fatakwal zai sha ruwa ya lalace, injin ya ƙi zama a silo, mai shi ya yi ta murɗa allura a banza. Ragowar man da ya kwana a cikin injin kuma yana sa boris tsatsa. Maganin shi ne a ƙarar da man da ke ciki bayan kowane wasa, a ɗiga man kariya ta kafireta da ramin filogi, a juya injin da hannu, a rufe galan a ajiye shi a inuwa.

Duk wanda ya san zaman waɗannan unguwanni ya san wannan karatun ba baƙo ba ne. Bakaniken da ke zaune kusa da Gariki a Awkunanaw, ko a gefen Bida Road a Anaca, ya kwashe shekaru yana gane ciwon janareta daga ƙararsa tun kafin a sauke shi daga kan babur. Ya san launin filogin da ya sha mai da yawa da na wanda ya ƙone. Ya san haɗa fetur da baƙin mai, ya kuma ga abin da ke samun injin da aka yi wa rowar haɗin. An hana acaba a Fatakwal a ƙarshen 2008, a Inugu a 2012, a Anaca da Awka a 2018, amma hanin bai kwashe sanin ƙananan injuna daga kawunan mutane ba, ya dai koma da shi kan Keke da janareta da injin ban ruwa. Kayan aiki ma ba nisa: Ikoku a Fatakwal, Coal Camp a Inugu, Nkpor da Mgbuka Obosi a gefen Anaca, ga kuma Nnewi, cibiyar kayan babur, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. Boris da sukuru da sifirin da tiyo, da mai injin sassaƙa ƙarfe da zai fitar maka da ɗan shaf in ka kai masa samfuri, duk suna cikin waɗannan kasuwanni. Sai dai tilas in yi gargaɗi a nan, domin sanin janareta na iya zama tarko. Fistin ɗin injin nitro ba shi da ringi. Na alminiyam ne, yana tafiya cikin hannun riga na tagulla da aka lulluɓe da kurom, kuma da gangan aka ƙuntata saman silindar ta yadda sai ta yi zafi ta buɗe sannan su daidaita. Bakaniken da ya juya sabon injin da hannu, ya ji ya cije a sama, ya ɗauko sanfefa ya goge, ya kashe injin har lahira da kyakkyawar niyya. Cijewar nan ita ce ransa, shi ya sa ake horar da sabon injin sannu a hankali, tanki biyar a tsarin Traxxas, kafin a sake masa linzami. Haka nan baƙin man mota ba ya gauraya da metanol, fetur kuma yana cinye tiyon silikon. Kunnen yana nan, amma sai an haɗa masa da karatun wannan injin na musamman.

In saiti ya zauna, sai a zo maganar abin da za a saya, kuma nan ma ido ne ke cutar mutane. Abin da aka fi rububi shi ne ƙafafun alminiyam, don suna sheƙi. Ƙafar roba in ta bugi dutse takan lanƙwashe ta dawo, in ta karye kuma arha ce. Ta alminiyam in ta lanƙwashe ta zauna a haka, ga ƙarin nauyi, ga shi ƙarfin bugun da ta ƙi sha ya wuce ciki ya fasa akwatin giya mai tsada. Abin da ya cancanci kuɗin farko shi ne taya. Tayar da motar ke zuwa da ita nauyi gare ta, an yi ta ne don hawa kan duwatsu da burge 'yan kallo, kuma nauyin da ke juyawa ya fi nauyin da ke zaune cin ƙarfin injin. Taya mara nauyi mai ƙananan haƙora ta fi kama busasshiyar jar ƙasa, mai dogayen haƙora ta fi a laka. Bayan taya sai ɗan injin lantarkin da ke murɗa sitiyari, wanda masu harkar ke kira sarbo, domin motar da ba ta shan kwana gudunta wahala ne kawai. Sannan shokazoba: a sauke tsayin motar don ta daina kifewa, a sa man silikon mai kaurin da ya dace da ramukan filin, a tuna kuma zafinmu na tsinka shi fiye da yadda littafi ya zata. T-Maxx ta asali ta zo da shokazoba takwas da giyar baya, kuma masu tsere da yawa sukan cire giyar bayan don rage nauyi. Daga nan sai giya. Ƙara haƙori a ƙaramar giyar kuloci na ƙara gudun ƙarshe, amma yana rage saurin tashi, yana ƙara wa injin zafi, kuma a ɗan fili mai yawan kwana ba inda za a kai gudun ƙarshen nan. Tazarar haƙoran giya biyun da 'yar takarda ake auna ta, a sa ta a tsakani, a matse, a ɗaure, a zare. Salansa da ta dace da injin tana biye, sabon injin kuwa shi ne na ƙarshe a layi.

Mai jayayya zai ce, ai komai saitinka, cc 4.6 ya fi 3.3 ƙarfi, kuma a miƙaƙƙiyar hanya ƙarfi ke magana. Gaskiya ne, amma tsere ba miƙaƙƙiyar hanya ba ce, kuma tarihin wasan ya riga ya yanke hukunci. Hukumar IFMAR, wadda aka kafa a 1979 don shirya gasar duniya, ta ƙayyade injin motocin ƙasa masu girman ɗaya bisa takwas a cc 3.5, tanki kuma cc 125, sannan zagayen ƙarshe awa guda cur ake yi. Kowa da girman injin iri ɗaya, kowa sai ya tsaya shan mai bayan 'yan mintoci. Wanda ya ɗaure allura don ya rage tsayawa yana kasadar injin ya mutu masa a tsakiyar fili, wanda ya sake ta da yawa zai sha mai sau ɗaya fiye da abokin karawarsa. A nan ake cin gasa, a nan ake faɗuwa. Su kansu masu tseren dodon mota, da suka yi ta neman nasara a shekarun 2000, ba babban injin suka ƙare a kai ba. Sun yi ta sauke motar ƙasa, suna rage mata nauyi, suna faɗaɗa ta, har ta rikiɗe ta zama wani jinsi da ake kira truggy, mai gangar jikin motar tsere da manyan tayoyi. Ƙarfin da taya ba ta iya dasa shi a ƙasa, ƙura kawai yake tayarwa.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na mai. Man nitro ba a gidan mai ake samunsa ba, shigo da shi ake yi, kuma da yake yana cikin kaya masu kama wuta, ɗauko shi a jirgin sama na da tsauraran sharuɗɗa. Ba zan raina wannan matsala ba. Masu jiragen wasa sun daɗe da sanin haɗin da ba nitro a ciki, kashi 80 metanol, kashi 20 man zurma, kuma zurma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Amma injin mota da aka ƙera don kashi 20 na nitro ba ya jin daɗin wannan haɗin, silonsa ba ya zama, tashinsa na yin sanyi. Ga kuma haɗari. Metanol guba ne, yana makantarwa yana kisa, kuma jihar Ribas ba ta manta da 2015 ba, lokacin da mutane da dama suka mutu bayan shan ogogoro mai ɗauke da shi. Wutarsa da rana kusan ba a ganinta. Zuba shi a robar ruwan sha a gidan haya mai cike da yara ganganci ne da ba shi da uzuri. Wanda ya ga samun man zai gagare shi, akwai manyan motoci masu girman ɗaya bisa biyar, irin HPI Baja 5B da ta fito a 2006 da injin cc 23, mai shan fetur da baƙin mai, mai filogin tartsatsi, ɗan uwan injin yankan ciyawa. Wannan kam bakaniken janareta zai gane shi da kallo ɗaya. Tsadar man nitro kuwa hujjata take ƙara wa ƙarfi: wanda ke sayen mai da dala ya fi kowa buƙatar kada ya zubar da shi ta salansa.

Wasu kuma za su ce zamanin nitro ya wuce, motocin batir sun fi gudu, ba hayaƙi, ba ƙara, ba allura. Wajen gudu sun yi gaskiya, kuma kasuwar duniya ta karkata can. Wanda burinsa ya danna ya ga ta tashi, ya sayi ta batir, ba laifi. Amma batir sai an yi caji, a garuruwan da wuta ke zuwa in ta ga dama, sai ka tarar an tayar da janareta don a ciyar da motar da aka ce ba ta shan mai. Batirin LiPo da suke aiki da shi kuma in ya huje ko aka yi masa cajin ganganci wuta yake kamawa. Abin da ya fi damuna dai shi ne motar batir ba ta koya wa yaro abin da injin ke koya masa. In ta lalace a cire akwati a sa wani. Ta nitro kuwa sai ka fahimce ta kafin ta yarda ta yi maka tafiya.

A nan ne zan amsa wa dattijon da zai ce wannan wasan yara ne da almubazzaranci, mutum ya bar garinsu ya zo neman abinci, ya ɓuge da sayen abin wasa na ɗaruruwan daloli, ga naira ta faɗi tun 2023. Ina girmama wannan magana, kuma ban ce mai turin baro ya bar cefane ya sayi Revo ba. Amma mu tuna yaran Hausawa sun daɗe suna ƙera motar kara da motar langa-langa, da tayar silifa da sitiyarin waya, kuma cikinsu ne makanikai da direbobi da yawa suka fito. Mota ɗaya ta hannu, da matasa biyar suka yi karo-karo suka saya, ko wani mai gareji ya ajiye wa yaran da ke koyon aiki a wurinsa, tana ɗauke da kuloci da giya biyu da birki da shokazoba da raba ƙarfi zuwa tayoyi huɗu, duk a kan tebur guda, ana kwance ta a ɗaure cikin yini. Yaron da ya ga da idonsa yadda kaurin man shokazoba ke canza shan kwana ya riga ya fahimci abin da wani ke shekara a ƙarƙashin babbar mota bai gane ba. Maƙwabtanmu Ibo sun gina Nnewi da tsarin koyon sana'a a hannun ubangida, har ta kai ga masana'antar motoci ta Innoson. Almubazzarancin gaske shi ne a sayi motar, a jibga mata kayan ƙyale-ƙyale, a ƙone ta a mako biyu, a jefa ta ƙarƙashin gado.

Saura maganar wuri, wadda a zaman baƙunta ba a wasa da ita. Ƙarar injin nitro na da tsini, kuma kilo biyar da ke gudun kilomita 70 a awa in ya sami ƙaurin yaro zai karya shi. Lungun unguwa da ƙofar masallaci da bakin kasuwa ba filin tsere ba ne, kuma wanda ke zaune cikin mutane, nasa da waɗanda ba nasa ba, bai kamata ya jawo wa jama'arsa tsangwama a kan abin wasa ba. Dole motar ta kasance da sifirin ɗin da ke mayar da totur, da na'urar da ke taka birki in sadarwar rimot ta yanke, domin motar da batirinta ya mutu totur a buɗe ba mai tsayar da ita sai bango. Ina kira ga sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da shugabannin matasa da masu gareji, in irin wannan sha'awa ta ɓullo a cikin yaransu, kada su kore ta da tsawa, su nema mata fili a bayan gari da izinin masu shi, a sa rana da lokaci, a gayyaci 'ya'yan maƙwabta su ma su zo da nasu. Kai kuma da motar ta riga ta shigo hannunka, kafin ka tura kuɗi a sayo maka sabon injin, wanke soson iskarka, ka sa sabon filogi, ka mayar da allurai inda littafi ya ce, ka sami ɗan littafin rubutu ka riƙa sa ranar da yanayin gari da inda allura ta tsaya. Ka yi haka damina ɗaya da hunturu ɗaya, sannan ka zo mu yi maganar injin.